Ranar da Na Riƙe Hannun Inna

Ni mutum ne mai mantuwa, har matata kan ce wata rana zan manta kaina a kasuwa in dawo gida haka nan, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Tibiri na riƙe hannun mahaifiyata ba. Na san wani zai ce to mene ne a ciki, mutum ya riƙe hannun uwarsa ai ba labari ba ne. A gidanmu labari ne, kuma har yau ba a gama ba da shi ba.

Ni ɗan fari ne. Wanda ya taso a irin gidajenmu ya riga ya gane sauran zancen, wanda bai sani ba kuma bari in gaya masa. Inna, wato mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon fuskata, ba ta zama inda nake zaune, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ta tarar ana yi, ita kuma ta riƙe abin da hannu bibbiyu. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar babanmu, a Jiratawa, can na girma cikin garkar zogale da albasa. In ta kama dole Inna ta ambace ni, sai ta ce "wancan". Da na sayi babur sai na samu ƙarin girma, na koma "mai babur". (Babur ɗin ya daɗe da mutuwa, an sayar da ƙarafunansa, amma sunan yana nan da ransa.)

In na je gaishe ta, durƙusawa nake yi a bakin ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninmu. In ce, "Inna, ina kwana?" Sai ta amsa wa bango, "Lahiya lau. A tambayi mai babur ya ya baro mutanen Maraɗi." Ko babu kowa a wurin haka za ta ce, a tambaye ni. Ni kuma sai in amsa wa labule cewa suna lafiya, suna gaishe ta. Da haka muka yi shekaru, har furfura ta fara leƙo mini a gemu.

Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, ko kuma in ce ban san na ɗauka ba, sai da babanmu ya rasu. Ranar da aka kai shi, na leƙa tsakar gida na ga Laminu, autanmu, ƙato da gemunsa, ya kifa kai a cinyar Inna yana kuka, tana shafa kansa tana kiran sunansa a hankali. Ni ina tsaye bakin zaure ina karɓar gaisuwa, kowa ya zo sai ya ce mini, "Sai haƙuri, yanzu kai ne uba." Na yi haƙurin, na zama uban, na dawo Maraɗi da wani abu tokare a ƙirjina wanda ban san sunansa ba.

Daga nan komai ya fara fita daga raina. Abinci ba ɗanɗano, hira ba daɗi. A biro, wato ofis (ina aiki ne wurin wani Alhaji mai safarar hatsi) sai in zauna in ƙura wa bango ido har a taɓa ni. Yarana suka koyi yin shiru in na shigo gida, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na je likita, aka auna ni, aka ce jinina ya hau, in rage tunani. Na tambayi likitan a wace farmasi ake sayar da maganin rage tunani, bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Wani abokin aikina ne ya ja ni zuwa abin da suke kira zaman natsuwa. Duk ranar Asabar da la'asar ake yi, a wani aji na lakwal, wato makaranta, mai zaman kanta a unguwar Zariya. A ture bencuna gefe, a shimfiɗa tabarmi, mu zauna mu kamar goma sha wani abu: 'yan kasuwa, wata ma'aikaciyar jinya, wani tsohon malamin makaranta da ke fara gyangyaɗi tun kafin a fara. Mai koyarwar kowa Koci yake ce masa. Saurayi ne fes, mai sanyin murya, ya ce a Dakar ya koyo aikin. In faɗi gaskiya, mutumin kirki ne, kuma bai taɓa ce mana mu bar salla ko addu'a ba. Cewa yake yi mu rufe ido, mu bi numfashinmu, shigarsa da fitarsa. In 'yan kabu-kabu suka cika titi da oda, sai ya ce, "Kada ku yi faɗa da ƙarar, ku bar ta ta wuce. Dakor?" Mu ce dakor, wato mun yarda.

Akwai wani abu da ya koya mana wanda ya kamata ku riƙe, don shi ne ya kashe ni. Ya ce duk abin da ya taso wa mutum a zuciya, tsoro ne, fushi ne, baƙin ciki ne, baƙo ne ya zo. Ba a korar baƙo, ba a kuma ba shi makullin gida. Ka rufe ido, ka dafa ƙirji, ka kira shi da sunansa ka yi masa maraba: sannu da zuwa, fushi, na gan ka, zauna. Da farko abin ya ba ni dariya. Amma na gwada, kuma wallahi ya yi mini amfani. Barci ya fara dawowa. Har 'yata ƙarama ta sake fara hawa bayana in ina zaune.

Da na tsaya a nan da yanzu ina cikin mutuncina.

Wata Asabar, muna zaune ido a rufe, Koci ya ce kowa ya tambayi nauyin da ke ƙirjinsa daga ina ya zo. Ni dai ban tambayi komai ba, abin ne ya zo da kansa. Na ga kaina ina yaro, Gwaggo ta kawo ni Tibiri yawon salla da sabuwar riga. Na hango Inna, na sheƙa da gudu hannu a buɗe, ita kuma ta ja mayafi ta kewaya bayan rumbu, mata suna ta dariya suna yaba kunyarta. Na tsaya tsakar gida da hannuna a buɗe ban san inda zan kai shi ba. Sai ji na yi hawaye na zuba a kan tabarmar lakwal, ni magidanci mai 'ya'ya huɗu, kusa da tsohon malami yana minshari.

Da aka tashi Koci ya tsayar da ni, na ba shi labari duka. Ya saurara sosai, ya gyaɗa kai, ya ce, "Wala, ga shi nan! Mun gano shi." Sannan ya ba ni aikin gida. Ya ce in je wurin Inna, in zauna kusa da ita, in riƙe hannunta, in dube ta cikin ido, in faɗa mata abin da ke raina, in roƙe ta ta kira sunana ko sau ɗaya.

Na ce, "Koci, ni fa ɗan fari ne."

Ya ce, "To sai me? Uwa uwa ce. Kai ne kake jin tsoro, ita jira take yi ka fara."

Wannan maganar ta shige ni, don ita nake son ji. Inna ta tsufa, ƙafa ta fara ba ta wahala, kuma tun rasuwar babanmu nake jin tsoron wata rana za a kira ni a waya, in je in tarar an rufe ta ba ta taɓa furta sunan da aka raɗa mini ba. Abin da nake nema ke nan, ba wani abu ba. Sai na yi kwanaki ina gwaji a banɗaki, ina riƙe hannun buta ina faɗa mata abin da ke raina. (Butar ta karɓi zancen da kyau, shi ya ƙara mini ƙarfin gwiwa.)

Na zaɓi ranar aiki da tsakar rana, lokacin da na san gidan ba kowa. Na tari ɗan kabu-kabu har Tibiri, ina bayansa ina bin numfashina, shi yana bin ramuka. Na shiga da sallama, na tarar da ita zaune ita kaɗai a inuwa, kan tabarma, tana tsinkar zogale a faranti. Tana jin muryata ta juya fuska ga bango ta fara laluben mayafi. Abin da ban sani ba shi ne, a ranar ne dangin matar Laminu, wadda ta haihu ba da daɗewa ba, suka zo barka daga ƙauye. Surukan gidanmu ke nan, mata cike da ɗaki, sun ci sun ƙoshi sun kwanta suna jiran rana ta yi sanyi.

Ban durƙusa daga nesa ba. Na cire takalmi, na taka har gabanta, na zauna a kan tabarmarta. Tun da aka yaye ni ban taɓa yin haka ba. Na ga hannunta ya tsaya cak a cikin faranti. Na ja dogon numfashi, na sauke, na miƙa hannu na kama nata. Hannun ƙarami ne, ban taɓa sanin haka yake da ƙanƙanta ba. Na karkata kai ina neman idonta, tana kaucewa ina bi, tana kaucewa ina bi, sai ka ce mai son ɗura wa yaro magani.

Na ce, "Inna, ina jin nauyi a ƙirjina. Ina son ki. Ina so ki dube ni, ki kira sunana."

Sai ta fizge hannunta, farantin ya kife, ta miƙe da saurin da ban san ƙafarta na da shi ba, ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jama'a ku hito! Ku hito, wani abu ya samu mai babur!"

Labule ya ɗaga, mata suka yi ta fitowa, wata na ɗaura zane, wata na gyara kallabi, wata da tabon tabarma a kumatu. Suka yi mini zobe. Ga ni zaune daram a kan tabarmar uwata, ganyen zogale a cinyata, hawaye a fuskata. Mai hankali a nan tashi zai yi ya nemi takalminsa. Ni kuwa ɗalibin kirki ne, sai na tuna darasi. Na rufe ido, na dafa ƙirji, na ce da murya a fili:

"Sannu da zuwa, kunya. Na gan ki, zauna. Kai ma tsoro, sannu da zuwa. Ba zan kore ku ba."

Wata tsohuwa cikin baƙin ta ce, "La ilaha illallahu! Da wa shika gaisawa?"

Wata ta ce, "Ke ba ki ji ba? Su biyu na, mace da namiji. Har wurin zama shina ba su."

Na buɗe ido na ga zoben ya faɗaɗa, kowa ya ja da baya, masu goyo sun rufe kan 'ya'yansu. Aka aika aka kira Laminu daga bakin kasuwa, ya shigo da maƙwabta maza biyu majiya ƙarfi. Na miƙe zan yi bayani, suka ɗauka gudu zan yi, suka rungume ni ta baya. Na ce, "Laminu, lafiyata lau! Koci ne ya ce in yi. Wani wuri muke zuwa a Zariya, mu rufe ido mu saurari abin da ke cikinmu." Laminu ya dubi maƙwabtan, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Kun ji ko? Har wurin taruwa gare su. Yaya, ka yi shiru don Allah, za a nema maka magani." Duk kalmar da na ƙara, sai riƙon ya ƙara tsauri.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Mutane suka cika zaure, yara suka hau katanga. Wasu suka ce tun rasuwar tsoho dama ba daidai nake ba, wasu suka ce a hanyar Maraɗi na taka wani abu, wani kuma ya rantse ƙwaya ce. Aka buga wa Gwaggo waya, ta taso daga Jiratawa a bayan babur da ƙullin magani daga wurin malaminta. Tana shigowa ta dube ni, ta fashe da kuka, ta ce, "Ni na raine shi, ko marin yaro bai taɓa yi ba, yau ga shi shina kama hannun uwatai gaban surukai!" Na ce, "Gwaggo, ke ma?" Ta ce, "Kun ji, muryar ma ba tashi ba ce."

Aka zaunar da ni a ɗakin babanmu, aka kawo kasko da garwashi, aka barbaɗa magani, aka lulluɓe ni da bargo. Ban san abin da ke cikin ƙullin nan ba, amma na tabbata akwai barkono. Hayaƙi ya shaƙe ni, na hau tari ina fizge-fizge, maza uku na danne ni, ina ihu ina cewa ni lafiyata lau, wanda kuma duk wanda ya taɓa ganin irin wannan zama ya san haka kowa ke cewa.

Sai na ji muryar Inna daga bakin ƙofa.

"Ku sake shi. Kuna ji mishi ciwo. Ni za ni riƙe."

Hannuwan nan masu nauyi suka ɗaga. Aka ja kaskon baya kaɗan. Na ji ta zauna kusa da ni, har gwiwarta na taɓa tawa. Ta zura hannu ƙarƙashin bargon, ta dafa ƙeyata, ta kwantar da kaina a kafaɗarta. Tana karanta addu'a ƙasa-ƙasa tana tofa mini, tana shafa bayana. Ina jin hawayenta na ɗiga a kan bargon.

Bayani yana bakina. Da na natsu na yi magana a hankali, na kira sunan kowa, na ce a buga wa matata ko abokin aikina waya, da a nan take zancen ya ƙare. Amma na san abin da zai biyo baya. Ina tabbatar musu da lafiyata, hannun nan zai janye, mayafi ya dawo, in koma bakin labule. Sai na haɗiye bayanin. Na saki jiki na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne babanmu, kuka mai sauti, da majina da komai. Na ji Gwaggo tana cewa, "Alhamdu lillahi, ga su nan suna hita."

Na yi 'yan kwanaki a Tibiri ina jinyar ciwon da ba ni da shi. Na sha rubutu, na sha jiƙo mai ɗaci, aka hana ni waya. Inna da kanta take kawo mini kunu, ta zauna ta ga na shanye, ta taɓa goshina da bayan hannu. Ba ta kira sunana ba ko sau ɗaya, "bawan Allah" take cewa, amma a fuskata take faɗa, ba a bango ba. Na sani abin da na yi ba daidai ba ne, don tsohuwar ba ta barci, ta rame a idona. Wannan ne ma ya sa na warke, ba Alhajin da ke ta aike yana neman ma'aikacinsa ba.

Da safe na yi wanka, na sa kayana, na fito tsakar gida na gaishe da kowa da sunansa, na ce na ji sauƙi sarai. Aka yi ta hamdala. Na juya wajen Inna. Ta dube ni, kallo ɗaya mai tsawo, ta tabbatar da gaske ne. Sannan ta ja mayafi, ta shige ɗaki, ta saki labule. Daga ciki na ji ta ce, "A hwaɗa ma mai babur shi tahi da sauran maganin, kar shi bari."

Asabar ta gaba na koma zaman natsuwa, na ba Koci labari. Ya dafe kai, ya ba ni haƙuri har na ji tausayinsa. Yana cikin ba ni haƙurin wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, muryar wata tsohuwa ta cika ajin: "Autana, ɗan lelena, ka ci abinci kuwa? Tun safe ban ji muryarka ba." Ya rufe bakin wayar da hannu yana murmushi, ya ce mini, "Mama ce, kullum sai ta kira." Na rufe ido na yi wa wani baƙo maraba, amma a zuci.

Darasin da na koya ba mai tsawo ba ne: in za ka karɓi shawara a kan uwarka, ka fara tambayar mai ba da ita shi na nawa ne a ɗakinsu. Har yanzu ina zuwa zaman, don numfashin yana yi mini amfani, sai dai aikin gida ne na daina karɓa. A Tibiri kuwa na zama abin da na zama. Ba mai ce mini "ya aiki?", kowa "ya jiki?" yake cewa, yana duban idona da kyau. In ana shawarar dangi na kawo magana, sai a gyaɗa kai a hankali a juya wajen Laminu.

Inna tana nan, ƙafar ta ƙara tsanani, sunan nawa kuma har yau bai fito ba. Ina zuwa in durƙusa a bakin ƙofa, ta sa a tambaye ni ko ciwon bai sake tashi ba. Kullum sai in ce bai tashi ba, don kada in tayar mata da hankali. Amma kafin in amsa nakan yi ɗan jim, kuma Allah ya sani, ba don ina tunanin amsar ba ne, hannun nan da ya dafa ƙeyata nake tunawa.